Ƙullin Ƙasar Maska a Bakin Teku

Tun da na dawo daga Gana bakina bai huta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a wurin mai shayi a tare ni, har wanda rabonmu da gaisawa tun rikicin iyakar gona ya zo yi mini barka da hanya. Tambayar farko dai ita ce, "Malam Haruna, yaya tekun?" Na san wannan share fage ne. Abin da suke son ji shi ne dalilin da ya sa na dawo ni kaɗai, alhali duk Maska an ji na buga ƙirji na ce ba zan sake taka garin nan ba sai da Zulai a gabana. To, ga amsar gaba ɗaya. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa, ko na samu in huta.

Zulai 'yata ce, ta uku cikin 'ya'yanmu ni da Hajiya Ladi. A Zariya ta yi jami'a, ta karanci ƙananan halittun da ido ba ya gani, daga nan aka ɗauki nauyinta ta tafi Gana ƙaro ilimi na shekara biyu a wani garin masunta. Shekara biyu suka cika, sai ga waya wai aikin bai ƙare ba, tana neman izinin ƙarin biyu. Na ce wane aiki? Ta ce ledar da ke cikin teku. Ni manomi ne, masara da waken suya da 'yar auduga, na rasa abin da ya haɗa 'yar Maska da teku. Ga shi an samo mata gurbin koyarwa a wata sakandare a Malumfashi, an ce ba za a riƙe mata shi ya wuce girbi ba. Ga uwarta duk ta zabge, ko tuwo ba ta iya cinyewa. Na ce maganar nan ta fi ƙarfin waya, da ƙafata zan je.

Ranar tafiya Hajiya Ladi ta haɗa wa 'yarta kuka da daddawa da dambun nama, ni kuma ta miƙo mini wani ƙulli a farin tsumma. A gidanmu, tun zamanin kakana da ya yi fatauci, ba a barin mutum ya yi doguwar tafiya babu ƙasar gida. Ana ɗebo ta a gona, a tankaɗe, a ƙulle. Duk garin da ka sauka, kafin ka sha ruwansu ka jefa ɗan tsunkule a ciki, ka bari ta kwanta, sannan ka sha, don kada baƙon ruwa ya ɓata maka ciki. Daga gonar Rafi ta ɗebo, wadda nake taƙama da ita. Fiye da shekara ashirin ke nan duk rani sai na sa tifa ta kwaso mini takin bola daga cikin Funtuwa na baza mata, har ƙasarta ta zama baƙa wuluk. Leda kam akwai ta a cikin bola, amma wa zai tsaya tsince ta? Rana ta gasa ta, garma ta yayyaga ta, damina biyu ko uku ka daina ganinta. Mu a wurinmu ta ruɓe ke nan.

A tashar Funtuwa Allah ya haɗa ni da abokin zama, Alhaji Ɗanlami, mutumin Kafur, falken albasa wanda ya san hanyar Ankara, babban birnin Gana, kamar hanyar gonarsa. Mutum ne mai surutu, amma surutunsa ya yi mini rana. Da muka hau gadar Kwara kafin Lakwaja, ya taɓa ni ya nuna ƙasa.

"Malam, gai da mutanen gida."

"Suna ina?"

"Ruwan nan mana. Duk abin da kwatocin Funtuwa suka kwaso da damina, ko ya zaga ta Sakkwato ko ya bi ta Kaduna, nan yake faɗowa, daga nan kuma sai teku."

Na ce masa ya dai ji da albasarsa. A raina na ɗauka irin zancen matafiya ne, don a rage hanya.

A Legas a Agege muka sauka, wurin wani ɗan'uwan Alhaji. Ba ni da abin faɗi game da Legas sai cewa kowa sauri yake kamar ya bar tukunya a wuta, kuma miyar da aka ba ni ta sa na yi hawayen da ban yi ba ranar rasuwar kawuna. Na jefa ƙasata a ruwa na kora, cikina lafiya lau. Na ce lallai kakanni sun san abin da suke yi.

Daga Legas zuwa Gana iyaka uku ce, kowace da layinta da tambarinta. Kuɗin da ke aljihunka ma sau biyu yana canza suna. Tsakanin Kwatano da Lome na fara ganin teku ta tagar mota. Na daɗe ina neman ɗaya gaɓar, da ban gan ta ba na tambayi Alhaji. Dariyar da ya yi har direba ya waiwayo.

A iyaka ta uku aka kusa tsare ni. Wata jami'a ce ta zazzage jakata, ta wuce daddawa tana toshe hanci, ta zaro ƙullin. Ta kwance, ta shinshina, ta kira abokin aikinta. Turancina bai wuce na karanta buhun taki ba, sai Alhaji ya shiga tsakani.

"Tana tambaya mene ne wannan."

"Ka ce mata ƙasa ce."

"Ta ce ta ga ƙasa ce. Me aka haɗa a ciki?"

"Wallahi ba a haɗa komai ba. Ƙasar gonata ce zalla."

Da na ga ba ta gamsu ba, na karɓi ruwa na jefa tsunkule na shanye a gabansu. Ta dube ni ta dube ni, sai ta fashe da dariya, ta ce wa Alhaji kakarta ma ta taɓa yi mata makamancin haka lokacin da za ta tafi makarantar kwana. Ta ƙulle mini da hannunta. Na wuce ina alfahari, ban san rantsuwar da na yi za ta dawo ta same ni ba.

A Ankara muka rabu da Alhaji Ɗanlami, ya sa ni a motar garin su Zulai. A zango, unguwar Hausawa, take zaune, gidan wata dattijuwa Hajiya Memuna, wadda ta ce kakanta daga ƙasar Katsina ya zo sayen goro bai koma ba. Hausarta ta sha ruwan wurin, amma karamcinta na gida ne. Da safe koko da ƙosai, kamar kana Maska. Da rana wake da shinkafa da suke dafawa da karan dafi har ta yi ja. Abin da ya gagare ni shi ne dokunu, tuwon masara ne da suke bari ya yi tsami da gangan, su naɗe a ɓawo. Mu in tuwo ya kai haka kaji ake zuba wa, su kuwa baƙo suke karramawa da shi. Na ci don kunya, a kwana na uku kuma na nemi ƙari.

Zulai ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi kowa har da akuyar uwarta. Ta yi baƙi, ta rame kaɗan, amma idonta a tsaye yake. Na bari aka ci abinci, sannan na ce, "Ki haɗa kayanki."

Ta sunkuyar da kai. "To, Baba. Amma ina roƙon kwana uku, in nuna maka abin da zan bari. In ka gani ka ce mu tafi, ba zan ƙara magana ba."

Na yarda, don ni ma bayana yana bukatar hutu.

Washegari da hantsi ta kai ni bakin ruwa, inda maza ke jan wata doguwar igiya suna waƙa. Babbansu wani tsoho ne mai suna Kwesi, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Ya miƙo mini igiyar, na naɗe hannun riga na shiga layi, har igiyar ruwa ta zo ta tafi da takalmina ɗaya. Mun fi awa biyu muna ja. Da komar ta fito na ji nauyinta na ce yau an yi arziki. Aka buɗe: ledar fiya wata, baƙar leda, robar lemo, silifa, tsumman gwanjo. Kifin da ke ciki mata uku suka raba a kwano, su ne masu cinikin kifi a can, maza nasu kamu ne kawai. Babu wanda ya yi mamaki sai ni.

Kwesi ya ja ni gefe ya nuna mini wani kunkurun teku da ruwa ya turo, matacce, girmansa ya kai faifai uku. Ya yi magana Zulai ta fassara: leda yake gani tana yawo cikin ruwa ya zaci abincinsa ce, ya haɗiye, ta toshe masa ciki. Nan take na tuna jan bijimina na huɗa da ya yi ta ramewa shekarun baya, muka yi ta ba shi magani a banza. Da aka yanka shi mahauci ya zaro dunƙulen leda daga tumbinsa kamar matashin kai. Na ba Kwesi labarin. Ya kama hannuna ya girgiza, kamar mun gano muna da dangantaka.

Rana ta biyu Talata ce, kuma masuntan can ba sa shiga teku ran Talata, sun ce ranar hutun ruwa ce tun kakanni. Na ce ko banza sun fi mu, mu gonakinmu ba su san hutu ba. Zulai ta kai ni ɗakin da suke bincike. Ashe kullum sai ta bi matan nan ta karɓi hanjin kifi, har suna tsokanarta wai ita ce mai sayen abin da kyanwa ke ci kyauta. Ta ɗora wani abu a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ta ce in leƙa. Na ga zare-zare, shuɗi da ja da baƙi, da wasu ɓarɓashi kamar tsakin dawa.

"Daga cikin ɗan kifi ɗaya ke nan, Baba. Leda ba ruɓewa take ba, marmashewa take har ido ya daina ganinta. Ƙaramin kifi ya ci ya ji cikinsa ya cika, alhali bai ci komai ba, sai ya kasa girma. Babba ya cinye ƙarami. Mu kuma mu ci babban."

Daga nan ta nuna mini aikin nata. 'Yan faranta ne a jere, kowanne da guntun leda, fumfuna ta tsiro a kai irin wadda ke fitowa a kan tsohon burodi. A wani akwati kuma tsutsotsi ne suna gaigayar farin soson da ake naɗo talabijin a ciki. Ta ce suna neman halittun da za su iya cinye leda su mayar da ita abin da ba ya cutarwa. Ta ɗago wani guntu ta ce wata da watanni ke nan ana cin sa. Ni dai ban ga inda aka ci ba sai da ta sa shi a madubi.

"Akuyar uwarki ta fi su sauri," na ce.

"Ta fi su, Baba. Amma ita in ta ci mutuwa take, su kuwa rayuwa suke da ita. Ban ce mun samo magani ba. Nema muke."

A raina na riga na yanke hukunci. Abin tausayi ne, na gani, amma matsalar mutanen teku ce, su nemi 'ya'yansu su yi musu. Ƙishirwa ta kama ni, na nemi ruwa. Aka kawo, na zaro ƙullina na jefa tsunkule kamar kullum. Zulai ta bi hannuna da kallo.

"Baba, daga wace gona Inna ta ɗebo?"

"Gonar Rafi mana. Akwai wadda ta fi ta?"

"Ka ɗan sam mini."

Ta zuba a ruwan gishiri ta kaɗa, ta jira, ta tace abin da ya taso a kan wata 'yar farar takarda, ta sa a madubi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta matsa gefe.

Na leƙa. Zare-zare, shuɗi da ja da baƙi. Ɓarɓashi kamar tsakin dawa, sun ma fi na cikin kifin yawa.

Na ce kayan aikinta ne ba ta wanke ba, na kifin ne ya maƙale. Ba ta yi musu ba. Ta ɗauko sababbi ta buɗe a gabana, ta bar ni na ɗebo ƙasar da hannuna. Abin da muka gani da farko shi muka sake gani.

Na nemi kujera na zauna. Kwana da kwanaki ina shan abin nan ina yabon kakanni, har na rantse wa baiwar Allah a iyaka cewa ba a haɗa komai ba. Ashe an haɗa, kuma ni na haɗa, tifa bayan tifa, shekara ashirin. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya, don jikokina masarar gonar nan suke ci.

"Yana shiga masara?" na tambaye ta.

"Ban sani ba tukuna, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Yana cikin abin da ake bincike. Abin da na sani, in ruwan sama ya wanke gonar, rafi yake kai shi."

Sauran hanyar ba sai ta faɗa mini ba, Alhaji Ɗanlami ya riga ya nuna mini a kan gada. Ta ce ba lallai ledata ce a komar Kwesi ba, tamu can gabas take fita, amma tekun ɗaya ne. Sai ta ƙara wata magana da ta tsaya mini a rai. Wai irin ƙasar nan suke nema ido rufe, wadda leda ta daɗe a cikinta, don mai yiwuwa a samu halittun da suka saba da ita har suka koyi cin ta. Mai yiwuwa kuma a duba a rasa.

Rana ta uku ban bi Zulai ko'ina ba. Na koma bakin ruwa da takalmin aro na tarar da Kwesi yana gyaran koma, yana yanke ledar da ta nannaɗe. Na zauna na kama masa. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, muka yi aiki har azahar. Ina yi ina tunanin mahaifina. Da kashin shanu da na tumaki ya riƙe gonar Rafi, ya miƙo mini ita da tsabtarta. Ni na fi shi cika rumbu, gaskiya ne. Amma abin da zan miƙa wa na bayana, na gan shi da idona a madubi. A duk zuriyarmu mutum ɗaya ce ta san yadda ake duba shi, ni kuma na yi tafiyar kwanaki don in raba ta da madubin.

Da na koma gidan Hajiya Memuna na tarar Zulai ta cika alkawari, akwatunanta biyu a ɗaure a bakin ƙofa. Na zaro ƙullin na miƙa mata.

"Riƙe. Ni na sha rabona."

Ta karɓa da hannu biyu tana dubana. "Kayan fa, Baba?"

"Kwance su."

Ta durƙusa a wurin tana kuka. Hajiya Memuna ta leƙo daga madafa ta ce in dai an gama, a zo a ci dokunu tun da zafinsa.

A hanyar dawowa babu ƙasa babu Alhaji, na sha ruwan kowane gari yadda na same shi. Ba zan ɓoye ba, cikina ya ɓaci a Lome. Ko rashin ƙasar ne ko barkonon tasha, kada wanda ya tambaye ni.

Abin da na fi tsoro shi ne ƙofar gidana. Hajiya Ladi ta fito da sauri, ta dubi bayana, ta dubi ɗan acaɓan da ya sauke ni, ta koma ɗaki ko sannu da zuwa babu. Na bi ta na ba ta labari tun daga gadar Kwara har madubi. Ta tashi ta fita. Kwana biyu ana ajiye mini abinci ba a zama kusa da ni. Gurbin Malumfashi kuma an ba wani, na ji zafinsa.

Masu ganina yanzu ina tankaɗe bola da raga a gefen gona kamar magini, suna cewa teku ta taɓa ni, ga dalili. Ban daina sayen bola ba, takin zamani ya fi ƙarfina. Na san kuma ragar manyan kawai take tarewa, ƙananan suna wucewa. Abin da hannuna zai iya ke nan.

A rana ta uku da dawowata, da safe ina zaure Hajiya Ladi ta fito da fartanya.

"Daga ina Zulai ta ce tana so a ɗebo mata ƙasar?"

"Inda bolar ta fi daɗewa. Ta ce kada a tankaɗe."

Ta fita, ba ta dawo ba sai da rana ta take. Ta ajiye ƙulli biyu a gabana, babba da ƙarami, ta ce in kai wa Alhaji Ɗanlami kafin ya sake lodin albasa. Na taɓa babban.

"Wannan na gonar Rafi ne, na aikinta," in ji ta.

"Ƙaramin fa?"

"Na shanta ne. Ƙarƙashin tsohon rumbun kakanka na haƙo, inda bola ba ta taɓa zuwa ba. Wanda na ba ta da za ta tafi ya isa ƙarewa, ga kuma shekara biyu a gabanta."

Ta ɗauki fartanyarta ta shige ciki.